Yawon Kogon Kartchner na Arizona: Abin da Tikiti Yake Saya wa Mai Neman Makafin Ƙwarin Ƙarƙashin Ƙasa

A kudu maso gabashin jihar Arizona ta Amurka, a gindin duwatsun Whetstone, kimanin kilomita 14 kudu da garin Benson, akwai wani kogo da hukumar kula da wuraren shaƙatawa ta jihar take shigar da mutane cikinsa rukuni-rukuni a ƙarƙashin jagorancin ma'aikatanta. Sunansa Kartchner, kuma mafi yawan waɗanda suke yankar tikitinsa suna zuwa ne domin su ga ginshiƙan dutse da ruwa ya gina a cikin duhu. Ni kuwa abin da ya ja hankalina gare shi wani ɗan ƙwaro ne fari, marar ido, wanda masana suka bayyana wa duniya daga wannan kogon a shekarar 2012 da sunan Speleonycta anachoretes. Da shi zan auna hidimar da ake sayarwa a wurin, domin kogon da aka buɗe wa jama'a yana iya ci gaba da burge ido alhali duk wani mai rai da ke cikinsa ya riga ya ƙare, kuma baƙo ba zai taɓa gane hakan daga kallon duwatsu ba.

Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon akwatin littattafai ko ya ɗaga tulin takardun da suka daɗe a ajiye, ya san wani siririn ƙwaro mai launin azurfa, marar fuka-fuki, wanda yake sulalewa da gudu da zarar haske ya taɓa shi. Yana da dogayen ƙahonni biyu masu laushi a ka, da zare uku a gindi, kuma abincinsa sitacin da ke jikin takarda da gam ɗin da aka ɗaure littafi da shi. Wannan na gida yana cikin dangin da masana suke kira Lepismatidae. Na cikin kogon Kartchner ɗan'uwansa ne na wani dangin daban mai suna Nicoletiidae, kuma duka biyun suna ƙarƙashin rukunin Zygentoma, wanda yake cikin mafi daɗewar tsatson ƙwari a duniya. Kakanninsu sun rabu da sauran ƙwari tun kafin fuka-fuki ya bayyana, saboda haka rashin fiffikensu asali ne, ba asara ce da ta same su daga baya ba, saɓanin ƙuma ko ƙwarƙwata waɗanda kakanninsu suka yi fiffike sannan suka rasa. Ɗan da ya ƙyanƙyashe daga ƙwai yana fitowa ne da siffar uwarsa, ba ya bi ta matakin tsutsa, kuma ko bayan ya balaga yana ci gaba da yin saɓa har ƙarshen rayuwarsa, abin da ƙwari masu fiffike ba sa yi. Hatta wajen haihuwa tsohuwar hanya suke bi, domin namiji ajiye ƙunshin maniyyinsa yake yi a waje, macen ta zo ta ɗauka.

Abin da ya bambanta dangin Nicoletiidae shi ne cewa dukkansu ba su da ido, kuma jikinsu fari ne ko ruwan ƙwai mai haske, domin ba su da launin da ke kare fata daga rana. Yawancinsu ba su kai santimita 2 ba idan ba a haɗa da ƙahonni da zaren gindi ba, kuma da yawa daga cikinsu ba su da ɓawon nan mai sheƙi da ya ba na gida launin azurfa. Suna zaune a cikin ƙasa, da ƙarƙashin duwatsu, da cikin ruɓaɓɓen itace, da tsagogin da ke can ƙasa, da kogwanni. Wani reshe nasu mai suna Atelurinae, gajeru masu faɗin gaba da tsinin baya, ya zaɓi zama a gidajen tururuwa da na gara, inda yake cin abin da ya samu daga guzurin masu gida. Akwai wani abu a nan da yake rikita har masu karatun halittu. A wajen kifi ko gizo-gizo, rashin ido da farin jiki alama ce ta cewa dabbar ta daɗe a kogo, amma a wannan dangin alamar ba ta aiki, tunda wanda yake zaune a ƙarƙashin dutsen lambu ma makaho ne fari. Abin da masana suke dubawa domin su gane na kogo na haƙiƙa shi ne tsawon ƙafafu da ƙahonni da zaren gindi, da kuma girman jiki, domin waɗanda suka daɗe a kogo sukan fi na cikin ƙasa tsayin gaɓoɓi.

Raunin wannan halitta guda ɗaya ne babba, kuma shi ne ya haɗa ta da batun tikiti: fatarta siririya ce, ba ta riƙe ruwa. Idan iskar da take ciki ta bushe, ita ma bushewa take yi. Kogon Kartchner yana ƙarƙashin busasshiyar ƙasa mai ƙayoyi da ciyayin hamada, amma a cikinsa laimar iska tana kusan kashi 99 cikin 100, zafinsa kuma yana wajen digiri 21 a ma'aunin Salshiyos rani da damina. Duk tsarin hidimar wurin an gina shi ne a kan hana iskar waje haɗuwa da ta ciki.

Baƙo yana fara jin hakan tun kafin ya ga kogon. Ana kama gurbi ne tun da wuri ta intanet ko ta waya, domin adadin mutanen kowane rukuni a ƙayyade yake, kuma a watannin sanyi, lokacin da baƙi suke kwararowa Arizona daga jihohin arewa, wanda ya zo haka kawai yana iya tarar da gurabe sun cika. Daga birnin Tucson tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota, a bi babbar hanya mai lamba 10 zuwa gabas sannan a karkata kudu a kan hanya mai lamba 90. Wurin da ake fara sauka babban zaure ne na baje koli, inda aka ajiye bayanai a kan yadda kogon ya samu, da jemagun da ke cikinsa, da ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare a duniya waɗanda aka tono a ciki, kuma ana nuna ɗan gajeren fim a kan yadda aka gano shi. Shawarata ita ce mutum ya iso da wuri ya ba wannan zauren lokacinsa, domin mai sha'awar ƙananan halittu a nan zai sami mafi yawan abin da zai gani da idonsa game da su. Daga nan sai a ajiye kaya. Ba a shiga da jaka, ko abinci, ko ruwan sha, ko kyamara, ko wayar hannu, kuma akwai akwatunan ajiya masu makulli domin haka. Ana kuma tambayar baƙi ko takalmansu da tufafinsu sun taɓa shiga wani kogon, saboda wata cutar fumfuna mai sa hancin jemage ya yi fari, wadda ta kashe miliyoyin jemagu a Arewacin Amurka tun bayan da aka fara ganinta a jihar New York a 2006.

Wata 'yar mota mai jan taragu ce take haurawa da rukunin zuwa bakin rami. Ba ta ƙofar da Allah ya yi wa kogon ake shiga ba. Ramuka aka haƙa a jikin dutse, aka sa musu ƙofofin ƙarfe masu nauyi a jere, irin waɗanda ba a buɗe ta gaba sai an rufe ta baya. A tsakaninsu ana bi ta ƙarƙashin wani lallausan feshin ruwa wanda yake dasa ƙura da burbushin zare a jikin tufafi domin kada su tashi a ciki. Da zarar ƙofar ƙarshe ta buɗe, iskar da ke dukan fuska irin ta ranar da hadari ya haɗu ya ƙi zuba ce, mai ɗumi da nauyi, kuma mai sanye da tabarau zai ga gilashinsa ya yi hazo nan take. Wanda ya ɗauko rigar sanyi bisa tunanin cewa kowane kogo sanyi ne da shi, a hannu zai riƙe ta.

Batun burbushin zare yana iya zama abin dariya ga wanda bai san kogo ba, amma a nan ne na fi yaba wa masu wurin. Kowane mutum yana zubar da zaren tufa da gashi da ɓawon fata duk inda ya bi, kuma a wurin da abinci ya yi ƙaranci ƙwarai wannan tarkacen abinci ne. Yana ciyar da fumfuna da ƙwayoyin halittar da ba na kogon ba, yana kuma jawo ƙwarin waje waɗanda suka fi na ciki ƙarfi da saurin haihuwa. Saboda haka aka yi hanyar da siminti, aka ɗaga mata gefe hagu da dama domin abin da ya zuba ya tsaya a kanta, kuma ana wanke ta a kai a kai, a fitar da ruwan wankin waje. Idan hannun wani ya taɓa dutse bisa kuskure, ana so ya faɗa wa jagora, shi kuma ya sa alama a wurin domin a zo a goge daga baya, tunda maiƙon hannu yana ɓata dutsen da yake kan girma. Fitilu ma ba a barin su a kunne. Suna kamawa ne idan rukuni ya iso, su mutu idan ya wuce, saboda haske mai ɗorewa yana tsirar da gansakuka a jikin dutse kuma yana ɗumama iska. An ce jihar ta kashe kimanin dala miliyan 28 a kan wannan shirin kafin buɗewa, kuma wanda ya bi ta ƙofofin nan zai ga inda kuɗin suka shiga.

Wannan tsantseni yana da tarihi. A watan Nuwamba na 1974 wasu matasa biyu masu sha'awar kogwanni, Randy Tufts da Gary Tenen, suka shiga wani rami a gefen tudu, suka ji iska mai ɗumi da warin jemage tana fitowa ta wata tsaga, suka kutsa da rarrafe har suka faɗa cikin manyan ɗakunan da babu alamar ɗan'adam ya taɓa takawa. Sun san abin da ya sami sauran kogwannin yankin, inda mutane suka kakkarya duwatsu suka yi rubutu a bango, don haka suka rufe bakinsu. Sai a 1978 suka sanar da masu filin, James Kartchner da matarsa Lois, kuma iyalin suka shiga cikin sirrin. A 1985 aka shigar da gwamnan jihar na lokacin, Bruce Babbitt, ya gani da idonsa, sannan a 1988 jihar ta sayi filin, kuma a lokacin ne jama'a suka ji labari, bayan shekaru 14 ana ɓoyewa. Ko bayan sayen ba a yi gaggawa ba. An ɗauki shekaru ana auna zafi da laima da motsin iska, ana ƙirga jemagu, ana tattara bayanan ƙwari, kafin a buɗe kashin farko a 1999, kashi na biyu kuma a 2003. Amfanin wannan jinkirin shi ne cewa akwai ma'aunin yadda kogon yake kafin ƙafar baƙi ta shiga, abin da kogwannin yawon buɗe ido kaɗan ne suke da shi.

Yawon da ake yi duk shekara shi ne na ɗakunan Rotunda da Throne. Tafiyar ƙafa ce ta kimanin mita 800, kuma daga tashi zuwa dawowa awa ɗaya da rabi ne, wanda ƙasa da awa ɗaya daga ciki ake yi a ƙarƙashin ƙasa. Dutsen da kogon yake cikinsa na farar ƙasa ne da ya kwanta a gindin wani tsohon teku fiye da shekaru miliyan 300 da suka wuce. Ruwan sama yana ɗaukar iskar kabon daga ƙasa ya zama mai ɗan tsami, ya narkar da dutsen a hankali, sannan idan ya ɗigo cikin sararin kogo ya saki abin da ya ɗauko, ɗigo bayan ɗigo, har ya zama tsiron dutse daga rufi ko daga ƙasa. Kogon yana raye, ma'ana har yanzu ruwan yana ɗiga kuma duwatsun suna girma. A cikinsa akwai wani siririn bututun dutse mai rami a tsakiya da ya sauko daga rufi tsawon kusan mita shida da rabi, wanda yake cikin mafi tsawo irinsa a duniya, kuma tari ɗaya mai ƙarfi a kusa da shi abin tsoro ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan ɓangaren shi ne filin laka na ɗakin Rotunda, inda ake ganin siririyar hanya guda ɗaya da masu ganowar suka bi, sawu a kan sawu, sauran lakar kuma sumul babu ko tabo. Ga mai tunanin ƙwari wannan lakar ita ce abin kallo, domin irin wannan damshin, da tsagoginsa da ƙarƙashin duwatsun da suka zube a gefensa, shi ne mazaunin da dangin Nicoletiidae suke so.

Ana ƙare wannan yawon a gaban ginshiƙin da ake kira Kubla Khan, mai tsayin kusan mita 18, inda ake zaunar da rukunin a kan benci a kashe fitilu, sannan a riƙa haska sassan ginshiƙin ɗaya bayan ɗaya tare da kiɗa mai taushi. Mutane da yawa wannan ne abin da suke tunawa. A nawa ra'ayin ginshiƙin ba ya bukatar rakiya, kuma ƙarar ɗigon ruwa a cikin duhu ta fi kowane kiɗa dacewa da wurin, amma wannan batun ɗanɗano ne, kuma minti kaɗan ne.

Wanda ya zo domin rayuwar kogo, yawon babban ɗakin da ake kira Big Room ya kamata ya nema, kuma a nan ne lissafin lokaci yake da muhimmanci. Ana buɗe shi ne kawai daga tsakiyar Oktoba zuwa tsakiyar Afrilu. Sauran watannin na jemagu ne. Kowace bazara matan wani jemage mai suna Myotis velifer, wajen dubu ɗaya ko fiye, suna dawowa wannan ɗakin su haihu, kowace ɗa guda, su shayar har 'ya'yan su iya tashi, sannan su bar wurin idan kaka ta yi. A tsawon wannan lokacin ana rufe ƙofofin, a kashe fitilu, babu baƙon da yake shiga. Hukumar da ta yarda ta rasa kuɗin shiga na rabin shekara daga ɗakinta mafi girma saboda jemagu ta cancanci a faɗa.

Dalilin ya wuce tausayin jemage. A cikin kogo babu rana, babu tsiro, don haka duk abincin da ke ciki daga waje aka shigo da shi. Jemagun suna fita da dare su ci ƙwari a sararin hamada, su dawo su zubar da kashi, kuma wannan kashin shi ne babbar taskar abincin kogon. Fumfuna da ƙwayoyin halitta suna cin sa, ƙananan ƙwari da tsutsotsi suna cin fumfunar, masu farauta irin su gizo-gizo suna cin waɗannan. Akwai kuma wani gyare marar fiffike mai dogayen ƙafafu, Ceuthophilus pima, wanda yake kwana a kogo ya fita kiwo da dare, shi ma kashinsa da ƙwansa da gawarsa abinci ne ga wasu. 'Yan dangin Nicoletiidae masu tsintar ruɓaɓɓen abu ne, ragowar tsiro da fumfuna da duk abin da ruwa ko dabba ta shigo da shi, don haka rayuwarsu tana rataye da wannan zirga-zirgar. Idan jemagu suka yi ƙaura saboda hayaniya, duwatsun za su ci gaba da sheƙi kamar yadda suke, amma abin da ke motsi a ƙarƙashinsu zai ragu. A wannan yawon jagora yana nuna tulin kashin jemage a gefen hanya, baƙi-baƙi, mai ɗan wari, kuma yawancin baƙi da sauri suke wuce shi. Wanda ya tsaya ya ƙura masa ido na ɗan lokaci, a nan ne ya fi yiwuwa ya ga wani abu yana motsi. Wannan yawon ya ɗan fi na farko tsawo, ya fi shi bayanin kimiyya, kuma ba a shiga da yaran da ba su kai shekara 7 ba.

Sai babbar tambaya: shin mai tikiti zai ga Speleonycta anachoretes? Amsar gaskiya ita ce kada ya sa rai. Ƙwaron ƙarami ne, yana gudun haske da girgizar ƙasa, mazauninsa tsagogi ne da ƙarƙashin duwatsu, baƙo kuma ba ya sauka daga kan siminti, ba ya ɗaga dutse, ba ya riƙe tocila a yawon yau da kullum. Tsawon hanyoyin kogon da aka auna kusan kilomita 4 ne, kuma ɓangare ne kawai aka shimfiɗa wa hanyar baƙi. Masanan da suka bayyana shi, Luis Espinasa da Robert Pape da abokan aikinsu, sun same shi ne ta hanyar bincike mai izini wanda aka ɗauki lokaci ana yi, kuma wannan binciken na Pape ya kai adadin ƙananan halittun da aka sani a kogon zuwa kusan nau'i 100, har da waɗanda kimiyya ba ta san su ba a da. Ɗan'uwansa na kusa, Speleonycta ozarkensis, an bayyana shi a 2010 daga kogwannin tsaunukan Ozark, nesa ƙwarai ta gabas. Haka lamarin dangin yake ko'ina: a jihar Teksas akwai Texoreddellia a kogwannin farar ƙasa, a Meziko akwai nau'o'in Anelpistina, a kudancin Fotugal kuma, a yankin Algarve, an bayyana Squamatinia algharbica a 2012, mai tsawon jiki kimanin santimita 3, wanda aka ce shi ne ƙwaron kogo mafi girma a Turai. Ƙwaro mai wannan girman ya zauna a nahiyar da aka fi kowace bincika ba a ba shi suna ba sai a wannan ƙarnin, to ina ga baƙon da aka ba minti hamsin a kan hanyar siminti.

Ta wannan fuskar hidimar tana da iyaka, kuma ya kamata mai saye ya san ta. Yawon an tsara shi ne domin jama'a baki ɗaya, mafi yawan bayanin a kan dutse da tarihin ganowa yake, kuma rukuni yana tafiya ne da agogo saboda wani rukunin yana biye. Ƙananan halittu sukan shigo maganar ne ta hanyar jemage, ko kuma idan wani ya yi tambaya, don haka mai sha'awarsu ya riƙe tambayarsa a baki ya kuma tsaya kusa da jagora. Hana kyamara zai yi wa wasu ciwo, musamman wanda ya yi doguwar tafiya yana son abin nunawa a gida, ko da yake akwai yawo na musamman da ake shiryawa lokaci-lokaci domin masu ɗaukar hoto, da kuma wani da ake yi da hular kwano da fitilar goshi ba tare da fitilun kogon ba. Wannan na biyun shi ne mafi kusa da yadda masu bincike suke ganin wurin, domin hasken yana bin inda mutum ya juya kansa, har ƙasa da gefen hanya. Ni dai ina ganin hanin yana da amfanin da ba a faɗa: rukunin da babu waya a hannunsa yana kallon abin da aka nuna masa, kuma ba ya jingina da dutse domin neman kusurwar hoto.

Ba kuma za a ce shirin kariyar ya yi nasara ɗari bisa ɗari ba. Ma'aunan da aka ci gaba da ɗauka bayan buɗewa sun nuna cewa kogon ya ɗan ƙara ɗumi kuma laimarsa ta ɗan ragu a wasu sassa, kuma masu nazari sun danganta wani ɓangare na hakan da fari da ɗumamar da yankin gaba ɗaya ya fuskanta, wani ɓangaren kuma da buɗe kogon kansa. Babu yadda za a haƙa ramuka a dutse, a kunna fitilu, a shigar da jikin mutane masu zafi kowace rana, a ce babu abin da ya canja. Abin da za a iya faɗa shi ne cewa canjin ana auna shi, ba a ɓoye shi ba, kuma fiye da shekaru goma bayan buɗewa masu bincike sun tarar da halittar da ba ta jure bushewa tana nan da ranta a ciki. Wannan ba hujja ce cewa komai lafiya ba, amma ta fi duk wata takardar talla nauyi a wurina.

Sauran abubuwan wurin ba sa bukatar dogon bayani. Hanyoyin cikin kogon babu matakala, an yi su ne yadda keken guragu zai iya bi, ko da yake akwai gangara da hawa, kuma laimar tana gajiyar da mai ciwon numfashi fiye da yadda tsawon tafiyar yake nunawa. A waje akwai filin kafa tanti da 'yan ɗakunan kwana na katako, da hanyoyin tafiyar ƙafa a kan tuddai, da ɗan wurin cin abinci mai sauƙi, kuma dare a wurin yana da duhun da ya sa aka amince da shi a matsayin wurin kallon taurari. Mai ƙyamar matsattsen wuri ya sani cewa ramukan shiga da ƙofofin da ke rufewa a bayansa sun fi ɗakunan kansu takura, domin ɗakunan manya ne ƙwarai.

Ga iyali masu ƙananan yara, ko wanda ya zo tsakanin Afrilu da Oktoba, yawon Rotunda da Throne ne zaɓin da yake akwai, kuma ya isa kuɗinsa saboda lakar nan da ginshiƙin kaɗai. Ɗalibin ilimin halittu, ko malamin da yake son ya ga yadda ake tafiyar da kogo mai rai, ya daidaita tafiyarsa ta faɗo tsakanin tsakiyar Oktoba da tsakiyar Afrilu, ya kama gurbin Big Room da safe, ya bar na Rotunda zuwa yamma idan aljihu ya yarda, ya kuma duba tun daga gida ko yawon fitilar goshi zai faɗo a ranakun da zai yi a yankin. Wanda kuma burinsa shi ne ya ga ɗan dangin Nicoletiidae da idonsa yana motsi, damarsa ta fi yawa a wajen kowane kogo, a ƙasa mai ɗumi bayan ruwan sama, idan ya ɗaga dutsen da ya nutse sosai a cikin damshi ko ya duba gidan tururuwar da ke ƙarƙashinsa, da madubin ƙara girma a hannu da kuma saurin ido, domin daƙiƙa biyu ko uku kawai ƙwaron yake bayarwa kafin ya shige tsaga.